Mai Konga a Ƙarshen Layi

Duk wanda ya taɓa riƙe bangon faifan garmaho na ƙungiyoyin kiɗan zamani na shekarun 1970 ya san yadda ake jera mutane a hoto. Shugaba a tsakiya, da jita ko ƙahon busa a hannu. Bayansa, bisa ɗan tudun katako, mai jaz zaune cikin gangunansa, an rubuta sunan ƙungiya ɓaro-ɓaro a fuskar babbar gangar. Mai konga kuwa sai ka nema. Yana can ƙarshen layi, wani sa'in ma mai hoto ya yanke masa kafaɗa ɗaya. Yadda aka jeru a hoton, haka ake jeruwa wajen karɓar kuɗi, in kuma ciniki ya yi ƙasa, daga ƙarshen layin ake fara sallama. A wannan ƙarshen layi na yi ƙuruciyata a Kaduna.

Aikin masaƙa ne ya kai ni Kakuri, kamar dubban samarin lokacin, amma hannuna ya san fata tun daga gida. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, kotso yake kaɗa wa wani hakimi a ƙasar Zamfara, kuma tun ban kai tsawon kotson ba nake zama gefensa ina kallon yadda yake murza nake da babban yatsa ya liƙa a tsakiyar fata, ya ɗan taɓa, ya saurara, ya ƙara ko ya rage. A wajenmu gangar da ake kaɗawa da tafi da yatsu ta fada ce. Kotso ne a hannun mutanen Narambaɗa da Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo, taushi ne na Salihu Jankiɗi a ƙofar Sarkin Musulmi. Kalangu da ake duka da gula, na mahauta ne da 'yan dambe da dandalin 'yan mata, sai da Mamman Shata ya ɗauke shi ya shiga da shi zaurukan manya. Da wannan tunani na taso, cewa hannu tsirara bisa fata shi ne babban kiɗa. A otal ɗin da na fara raɓar makaɗa ranakun Asabar na tarar an kifa lissafin.

Ba na musun cewa jaz abin kallo ne. Ranar da na fara ganinsa kusa da kusa, baki na saki. Mutum ɗaya, ƙafar dama tana taka babbar ganga, ƙafar hagu tana buɗe faya-fayan tagulla biyu tana rufewa, hannu ɗaya a kan ƙaramar ganga mai zaga ta waya, ɗayan yana yawo. Daga baya na fahimci cewa tun asalinsa kayan rage ma'aikata ne. A ƙungiyoyin badujala na Amurka, babbar ganga da mutum guda, ƙarama da wani, faya-fayai da wani. Da kiɗan ya koma cikin gidajen rawa da na wasa, wuri ya yi kaɗan, masu gida kuma ba sa son biyan mutum uku. A 1909 William Ludwig na Chicago ya fito da matakin ƙafa mai aiki da kyau, aikin mutum uku ya koma kan kujera ɗaya. To, kayan da aka ƙera don a sallami makaɗa biyu, me zai sa mai shi ya ga yana bukatar wani makaɗi a gefensa? Oganmu ma haka yake gani. In ya lissafa ƙungiya sai ya ce mu kaza ne, “da mai konga.”

Mai kongar da na samu a wurin, wanda ya zama maigidana, mutumin Gana ne, haifaffen zangon Kumasi, Hausarsa ta zango mai daɗin ji. Baba muke ce masa. Ya ga ina kaɗa tebur da yatsu a bayan dandamali, ya kira ni, ya juya tafina yana dubawa.

“Yaro, wa ya koya maka?”

“Kawuna ne, Baba. Kotso yake kaɗawa.”

“To ka gai da shi. Amma wannan fatar sa ce, ba ta akuya ba. In ka yi mata ladabi ba za ta amsa ba.”

Shi ya nuna mini cewa konga ɗaya tana da muryoyi da yawa. Akwai ta baki-baki, inda yatsu huɗu ke sauka su tashi nan take fatar ta yi kuka. Akwai ta tsakiya, da tafi gaba ɗaya, mai shiga ƙirji. Akwai mari, wanda ke fita tas kamar an karya kara, shi ne ya fi wuyar samu, shi ne kuma kaɗai ke iya ratsa ƙarar jitoci ya kai ƙarshen fili. Sannan akwai wanda ba a ji sosai, hannun hagu yana lilo tsakanin dunduniyar tafi da kan yatsu, ba ya tsayawa. Baba ya ce wannan na ƙarshen shi ne kiɗan, sauran ado ne. Shi ya fara gaya mini cewa gangar nan daga Kuba ta zo mana, can ma jikokin bayin da aka kwaso daga yankin Kwango ne suka harhaɗa ta da katako irin na ganga mai ɗaukar kaya, da farko ma da wuta ake ɗaure mata murya kafin a sa mata ƙarafan juyawa.

Yanayi ma ya san bambancinmu. Fuskar gangunan jaz ta roba ce, irin wadda kamfanin Remo ya yaɗa tun daga 1957, ba ruwanta da damina ko hunturu. Mu kuwa a watan Agusta fata takan saki ta yi luɓus, sai mu jingina kongar kusa da ƙwan lantarki tun la'asar, ko mu roƙi mai tsire a bakin ƙofa ya bar mu mu ɗan gasa ta. Da hunturu ta ɗaure har tana neman fashewa, tafin hannu kuma ya riga ta fashewar. Man kaɗanya da filasta ba sa rabuwa da aljihuna. Ran Litinin a masaƙa, abokan aiki kan gane ko daren Asabar ya yi armashi daga yadda nake riƙe zare.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne makirfo. Guda nawa ne ma a otal ɗin? Mawaƙi ya ɗauka, masu busa su raba ɗaya, a cusa ɗaya gaban babbar gangar jaz. In ya ragu, namu ne, kuma ba ya raguwa. Mai sanda yana iya ƙara ƙarfi ba tare da ya ji a jikinsa ba, mai hannu kuwa da namansa yake biya. Baba ya taɓa gaya mini cewa in mutum ya kwana yana dukan fata da ƙarfi, da safe yakan ga fitsarinsa ya sauya launi, kada in tsorata, in sha ruwa da yawa. Na gani kuwa. Duk da haka, ranar rabon kuɗi kason mai konga bai cika wuce rabin na mai jaz ba, ni da nake ɗan kanzagin Baba kuwa, kuɗin mota da kwalbar lemo.

Na yi zama da masu jaz iri biyu, kuma a nan ne nake ganin maganar take. Na farko gwani ne, ba a ƙwace masa wannan. Faifan Santana da na 'yan rok na Ingila ya haddace, hannunsa kamar walƙiya. Sai dai ba ya barin ko ƙofar allura. Duk gurbin da ya gani tsakanin bugu da bugu sai ya cike shi da kansa, ka zauna da hannu a kan fata kana neman inda za ka sa baki babu. In ka matsa ka shiga, kiɗan ya cakuɗe, Oga ya waiwayo ya harare ka, ba shi ba. Abin dariyar shi ne, Santanan da yake kwaikwayo da masu konga yake hawa dandamali. A bikin Woodstock a 1969, matashin mai jaz ɗinsa Michael Shrieve ya yi suna, amma kongar Michael Carabello da gangunan Chepito Areas ne suka shimfiɗa masa tabarmar da ya taka. Baba ya ga Santana da ƙungiyarsa da idonsa a Accra ranar 6 ga Maris 1971, a bikin Soul to Soul, kuma bai gaji da ba mu labarin ba.

Na biyun dattijo ne mai sanyin hannu, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda. In ka kalle shi sai ka ce gyangyaɗi yake. Kafin mu fara sabuwar waƙa yakan ce, “Ɗana, kaɗa naka in ji tukuna.” Sai ya saurara, ya gano inda marina ke sauka, ya ɗauke sandarsa daga wurin ya kai ta gaba kaɗan. Babbar gangarsa ta yi magana, tawa ta amsa, faya-fayansa na ta ƙirga mana lokaci a sama. Daren da muka dace da juna, masu rawa ba sa iya cewa ga wanda ke kaɗa wane. Abin da na sani ke nan a gidan kawu, inda kotso uku ko huɗu ke tafiya tare, kowane da gurbinsa, ba mai taka ƙafar wani.

Dattijon nan Tony Allen ne gwarzonsa, kuma ya san dalili. Allen, wanda ya yi wa Fela kiɗa daga 1964 zuwa 1979, bai fara da kujerar jaz ba. A ƙungiyar Victor Olaiya 'yan sanduna biyu aka fara ba shi yana ƙwanƙwasawa a gefe, daga nan ya hau. Wanda ya taɓa tsayuwa a ƙarshen layi ya san abin da na can ke bukata. Ka sa kowane faifan Africa 70, ƙungiyar Fela, na tsakiyar shekarun 1970 ka kasa kunne: akwai kongar Henry Kofi, akwai ta biyu a ƙarƙashinta, akwai sandunan James Abayomi, akwai caki, duk a fili ɗaya da mutumin da ake cewa shi kaɗai yana kiɗan mutum huɗu. Ba wanda ya danne wani. A ganina gwanintar Allen ta fi fitowa a wuraren da ya ƙi bugawa, kuma ita ce masu kwaikwayonsa suka kasa ɗauka.

Ita kanta haɗuwar konga da jaz a dandamali ɗaya ba ta daɗe ba kamar yadda muke zato a lokacin. A 1947 ne Dizzy Gillespie ya shigo da Chano Pozo, mutumin Habana, cikin babbar ƙungiyarsa a New York, suka yi “Manteca”. An sha fama kafin Pozo da sauran makaɗan su fahimci ƙirgen juna, don shi da nasa ƙirgen ya zo daga gida. Bai yi nisa ba, aka harbe shi a wata mashaya a Harlem a Disambar 1948. Amma ƙofar da ya buɗe ba ta rufu ba, har iskarta ta iso Accra da Legas, ta hauro Jos da Kaduna, inda irin su Bala Miller ke da cikakkun ƙungiyoyi masu rera waƙa da Hausa.

A Fabrairun 1977, lokacin hawan dabar FESTAC, kawu ya zo Kaduna cikin ayarin ƙasarsu. Na ja shi otal da dare, ya zauna a lungu da rawaninsa, bai taɓa ko ruwa ba. Da muka tashi na tambaye shi yadda ya gani. Ya ce mai zama cikin kwanonin nan yana da ƙoƙari, amma me ya sa aka ajiye mai gangar a bakin ƙofa kamar baƙo? Na ce haka tsarin yake, Kawu. Ya girgiza kai, ya nemi a kai shi ya gaisa da Baba. Suka daɗe suna duba tafin juna suna dariya.

Abin bai ɗore ba. A Janairun 1983 gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin barin Nijeriya, 'yan Gana suka yi ta tururuwa zuwa iyaka, cikinsu har da makaɗa masu yawa. Baba ya tafi, ya bar mini konga guda don ba ta shiga mota. Tsuke bakin aljihu ya biyo baya, daga 1986 kuma naira ta fara zubewa, igiyar jita ma ta zama abin lallaɓawa. Otal suka rage ƙungiyoyi. Aka fara da mu, kamar yadda aka saba. Sai dai masu jaz ba su daɗe suna mana jaje ba, domin fiyano ta iso da ganguna a cikin cikinta, a danna maɓalli ta yi ta kiɗa har asuba ba ta neman lemo. Abin da matakin Ludwig ya yi wa mutum biyu, Yamaha ta yi wa ƙungiya sukutum. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, waƙoƙin fina-finan Kano kusan duk daga yatsun mutum ɗaya suke fitowa. Dattijon nan mai sanyin hannu ya sayar da kayansa ga wata majami'a, inda har yau ake daraja jaz da konga tare, ya koma gadi.

Kwanakin baya wani ɗan ƙanwata ya kai ni situdiyon abokinsa a Kano, wai suna son konga a wata waƙar biki. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an liƙa katifu a bango. Na duba ban ga jaz ba, na tambaya. Yaron ya nuna mini kwamfuta, ya ce akwai iri fiye da yadda zan iya ƙirgawa a ciki.

“To konga fa, babu ita a ciki?”

“Akwai, Baba, amma tata ba ta numfashi. Kalangu ma sai mun kira mai shi.”

Ya kafa mini makirfo biyu, ni kaɗai. Na fara kaɗawa ke nan, hannu bai ko yi ɗumi ba, ya ɗaga yatsa ya ce ya isa, zai yanka ya maimaita. Na ce ai ban shiga kiɗan ba tukuna. Ya ce in ina so in ci gaba don kaina ba laifi, amma a kashe na'ura, don man janareto ya yi tsada.