Ziyara Zangon Kumasi, Wajen Dangin da Suka Tafi Gwanja

A Kusada da Kankiya, idan tsofaffi suka zauna lissafin dangi, da wuya a ƙare ba a ambaci wani da "ya tafi Gwanja" ba. Namu ƙanen kakana ne. Ya bar Kusada yana saurayi tun zamanin Sarki Dikko, ya yada zango a Kumasi, ya yi aure, ya hayayyafa. Sau ɗaya ya dawo gida, shi ma ba da son ransa ba. Da ɗansa ya aiko goron ɗaurin auren 'yarsa, sai gida suka ce ni zan wakilce su.

Na bi ta Kano da Legas, na ratsa Kwatano da Lome, na shiga Ghana ta Aflawo. Fataken da suka riga mu ba nan suke bi ba. Su ta Yawuri da ƙasar Bargu suke yankawa, su bi Sansanin Mango da Yandi har Salaga, jakuna ɗauke da kanwa da baƙin rini da jar fata, su juyo da goro. Tafiyar watanni ce. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu kudu, wasu Kete-Krachi, wasu Akara, wasu Kumasi.

A Aboabo cikin Kumasi na sauka, gidan Baffa, ɗan ƙanen kakan nawa, dattijo mai fara'a wanda ya haura saba'in. Unguwar cunkushe take, ga masallatai kusa da kusa, ga kwatoci a buɗe da ke tumbatsa da zarar an yi ruwa, kuma a Kumasi ruwa ba ya wuya. Hausa kowa ke yi, amma ba kowa ne Bahaushe ba: akwai Dagomba da Mosi da Wangarawa da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani. Hausarsu ta sha Tonanci, harshen mutanen Asante, tana da nata zaƙi, sai na kasa kunne sosai kafin na riƙa kama zancen yara. Da asuba wajen mai koko da ƙosai, rabin layin Tonawa ne, ma'aikata da 'yan makaranta, kowa da 'yar robarsa. Haka a kasuwar Kejetia: Hajiya mai hatsi da Batoniya mai doya rumfa ɗaya, suna ba juna ajiyar kuɗi.

Zaman ya daɗe. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da malamai Musulmi a fadar Sarki Osei Bonsu, suna yi masa rubutu da layu. Har yau rigar yaƙin Sarkin Asante lulluɓe take da layu. Amma akwai wani tarihin mai ɗaci, wanda Baffa bai ɓoye mini ba. Lokacin da Ingilishi suka ƙone Kumasi a 1874, da lokacin yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, cikin rundunarsu akwai sojan da ake kira Hausa, ko da yake da yawansu harshen kawai suke ji. Bayan an ci ƙasar ne zango ya bunƙasa a ƙarƙashin Bature. "Ɗana," in ji shi, "mu goro ya kawo ubanninmu, amma laifin masu bindiga har da mu aka shafa wa."

Maganarsa ta tuna mini da ƙabilar Hmong, mutanen tsaunukan Laos da Amurka ta ɗauka yaƙi ƙarƙashin Janar Vang Pao. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1975, suka tsere sansanonin gudun hijira a Tailan, daga nan aka kwashe da yawa zuwa Minnesota da Wisconsin da California. 'Yarsu Sunisa Lee, haifaffiyar St. Paul, ta ciyo wa Amurka zinare a wasannin Tokyo a 2021, amma hakan bai hana a ci gaba da yi wa masu irin fuskarta kallon baƙi ba. Yaƙin wasu ya raba su da gida, 'ya'yansu kuma suna biyan bashin da ba su ci ba.

A Ghana an kai abin har majalisa. A watan Agustan 1957, wata biyar kacal da samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori manyan zangon Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, saboda suna tare da 'yan hamayya. Suka garzaya kotu suka ce nan aka haife su. Kafin alƙali ya yanke hukunci, majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka sa su jirgi zuwa Kano. Shekara 12 bayan haka sai babbar ta zo. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Mutane fiye da dubu ɗari suka bar ƙasar, akasarin 'yan Najeriyar cikinsu Yarbawa ne, amma Hausawa ma sun sha. Wa ke da takarda a lokacin? Mutumin da ya shigo da ƙafa tun kafin a san fasfo, wace takarda zai nuna?

A nan ne labarin gidanmu ya shigo. Baffa yana ɗan shekara goma sha lokacin. Ya ce mutane sun yi ta karyar da gidaje da shaguna a kuɗin da bai kai ya kawo ba, wasu maƙwabta na tsaye suna jiran ganima. Mahaifinsa kuwa ya ɗauki makullin rumfar goronsa ya kai wa maƙwabcinsa na kasuwa, wani Batone Kirista, ba rubutu ba shaida. Suka hau babbar mota har Najeriya. A Kusada aka karɓe su hannu bibbiyu, amma yara suka riƙa tsokanar Baffa da "ɗan Gana" saboda Hausarsa. Can an ce masa baƙo, nan ma an ce masa baƙo. Na ji nauyin wannan magana, don a ƙofar gidanmu aka yi ta. Da soja suka kifar da Busia a Janairun 1972, su Baffa suka koma Kumasi. Batonen ya miƙa makulli, ya kawo littafin da ya rubuta duk abin da ya saya ya sayar, ya ƙirga ribar ya ba da.

Ɗan wannan mutumin na gani a wurin ɗaurin aure, tsoho da zanen kente a kafaɗa, zaune sahun gaba a kan tabarma, takalmi a gefe. Shi ya raba goro. Shi da Baffa "ɗan'uwana" suke ce wa juna, ɗaya ya fara zance da Tonanci ɗayan ya ƙarasa da Hausa. Idan an yi rasuwa a gidan Batonen, Baffa kan sa baƙaƙen kaya ya je, ranar Sallah kuma cinyar rago ta farko gidansu take zuwa.

Bayan an shafa fatiha tsohon Batonen ya tambaye ni, cikin ladabi, ko garinmu ma an kori mutanensu a 1983. Na ce an kora. A Janairun shekarar gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka fita, ciki har da teloli da makanikai da malaman da suka koyar da yaranmu lissafi da Turanci. Ya girgiza kai ya ce ƙanensa na cikinsu. Ban ga alamar riƙo a fuskarsa ba, amma ni har yanzu ina ganin abin da muka yi musu zalunci ne daidai da wanda aka yi wa ƙanen kakana.

Yau zango yana da murya. Ɗan majalisar Asawase ta yankin zangon Kumasi, Muntaka Mubarak, yana kan kujera tun 2005, kuma a 2017 gwamnati ta kafa ma'aikata ta musamman don raya zangunan ƙasar. Sai dai matasan da na zauna da su ba wannan ne a bakinsu ba. Suna tuna Yulin 2018, lokacin da 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan zangon Asawase a Manso Nkwanta suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin gwamnati ya bincika bai sami hujjar haka ba, aka biya iyalansu diyya. Suna kuma kukan katin ɗan ƙasa. Tsarin mulkin 1992 ya rataya zama ɗan ƙasa a kan iyaye ko kakanni, don haka mai suna Sani ko Garba yakan sha tambayar "ina ne asalin garinku?" wadda ba a yi wa Kwame.

Jikan Baffa, wanda shi da ubansa da kakansa duk a Kumasi aka yanke musu cibi, yana neman fasfo don ya tafi karatu, an ce ya kawo waɗanda za su tsaya masa. Tsohon Batonen ya ce ranar Litinin zai ɗauki katinsa su tafi ofishin tare.