Abin da bai gaya wa likita ba

Na daɗe ina juya wannan magana a raina. Sai da mai ita ya ba ni izini kafin na rubuta ta, bisa sharaɗin ba zan ambaci sunansa ba.

Ƙanena ne, ɗan baffana. Shekara biyu da suka wuce ciwon fargaba ya sa shi gaba. Yana zaune lafiya ƙalau sai gabansa ya yanke ya faɗi, tafin hannu ya jiƙe da gumi, numfashi ya yi sama, ya ce shi kam mutuwa zai yi. An yi addu'a, an sha rubutu, daga baya na kai shi asibiti. Likita ya rubuta masa magani iri biyu: sertraline na kullum, da diazepam na ɗan lokaci kafin na farkon ya kama jiki, don irinsa yakan kai sati huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa sosai. Kafin ya miƙa takardar ya tambaye shi, "Kana shan giya?" Ina zaune a gefensa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Subhanallahi, a'a likita."

Ashe yana sha. Ba kullum ba, sai daren da tsoro ya hana shi rintsawa, ya fita ya sayo 'yar ledar giyar nan, ya kurɓa a ɓoye, jiki ya saki.

Wata rana da asuba matarsa ta kira ni tana kuka. Na tarar da shi yashe a ƙasan falo yana wani irin munshari mai nauyi, leɓɓansa sun canja kala, ana jijjiga shi ko motsi ba ya yi. Muka juya shi ta gefe saboda amai, muka cicciɓe shi zuwa asibiti. Allah Ya yi da sauran shan ruwansa a gaba.

A can aka yi mini bayanin da nake so kowa ya ji. Diazepam, wanda aka fi sani da Valium, da 'yan uwansa irin su Lexotan da Xanax, aikinsu lafar da ƙwaƙwalwa. Suna ƙara wa wani sinadari mai suna GABA ƙarfi, shi kuwa kamar birki yake a kai. Giya ma wannan birkin take takawa. In suka haɗu, sai birkin ya kama har inda ake sarrafa numfashi, mutum ya yi barcin da ba ya iya farkawa, ko amai ya shaƙe shi yana kwance. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ƙara tsaurara gargaɗin da ke jikin wannan rukunin magani, har da batun haɗa shi da giya.

Ƙanena yana da dabararsa: ranar da zai sha, sai ya tsallake ƙwayar. Bai san diazepam yana jimawa a jini ba, yakan yi kwanaki bai gama fita ba. Ta jiya da ta shekaranjiya suna nan suna jiran giyar. Ga kuma abin da ya fi ba ni tausayi: giyar tana kwantar da shi awa biyu ko uku, washegari fargabar ta dawo ta fi ta da, sai ya ɗauka maganin ne ba ya aiki.

Na san wasu za su ce ai haramun ce, me ya kai shi. Wallahi ya fi ni sanin haka, kuma sanin ne ya rufe masa baki. Bayan ya farfaɗo na ce, "Me ya sa ka ɓoye wa likita?" Hawaye ya zubo masa. Ya ce, "Yaya, kana zaune, da wane bakin zan ce e?"

Wannan maganar ta tsaya mini a maƙogwaro har yau. Na raka shi don in taimake shi, ashe zamana a ɗakin ne ya hana shi faɗin abin da likita ya fi buƙatar ji. Da ya sani, da wataƙila bai ba shi diazepam ba tun farko. Mu da muke raka 'yan uwa asibiti, musamman yayye da iyaye da mazaje, mu riƙa ba su wuri idan an zo tambayoyi. Wanda kuma ya riga ya saba da ƙwayar ko giyar, don Allah kada ya yanke dare ɗaya don tsoron wannan rubutu. Yankewa kwatsam na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A hankali ake janyewa, a hannun likita.

Ranar da muka koma ganin likita, na tsaya a benci a waje, na ce masa ya shiga shi kaɗai. Ya fi minti arba'in a ciki. Ya fito idanunsa jawur, riƙe da sabuwar takardar magani, ya zauna kusa da ni ya ce, "Yaya, na faɗa masa duka."