Ladan Koya wa Yara Iyo

Tun da na shiga aji biyu a wannan kwaleji, kowace Asabar da sassafe na kan ɗauki tawul da usur in gangara gari, ba na komowa sai azahar. Abokan ɗakina ba su gaji da tambayata nawa a ke biyana ba. Amsa ita ce, ko anini. Kuɗin mota ma daga aljihuna ya ke fita. To, da ya ke Edita ya ba ni fili, bari in bayyana wa jama'a inda na ke zuwa, da abin da na ke samowa.

Wata 'yar ƙungiya ce ta mutanen unguwa a nan Jos, masu koya wa yara iyo kyauta. Ba mu da wurin kanmu. Wani mai otal ne ya ke ba mu aron tafkinsa na siminti, mai tsawon mita 25, daga ƙarfe 7 zuwa 11, kafin baƙinsa su fito. Shugabarmu wata dattijuwa ce da ta daɗe tana aikin asibiti, kowa Mama ya ke ce mata. Mu masu koyarwa mu shida ne, yara kuwa su kan kai talatin. In hunturu ya kankama mu kan rufe, gama wanda ya san sanyin Jos ba ya tura ɗan mutane cikin ruwa a watan Janairu.

Watakila wani ya ce, me ya haɗa mutanen tudu da iyo? Sai ya fita bayan gari wajen Bukur ko Barikin Ladi ya duba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa su ke haƙar kuza a ƙasar nan. Ciniki ya yi ta ja da baya har kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, amma ramukan da aka tona suna nan, ruwan sama ya cika su. Manoman rani suna amfani da su ƙwarai, su ne su ke ba mu tumatir da kabeji. Sai dai ramin kuza ba kamar rafi ba ne. Gaɓarsa a tsaye ta ke, taki biyu daga baki ƙafa ta rasa ƙasa, ruwan ga zurfi ga sanyi, ƙasansa kuwa laka. Yara suna zuwa wanki da kamun kifi da ban ruwan dabbobi, galibinsu ba wanda ya taɓa nuna musu yadda a ke fid da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Ni kuwa mutumin Numan ne, inda Gongola ta ke shiga Binuwai. A can ban san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban san ranar da na koyi tafiya ba. A makarantar Mishan da na yi ba a ɗauke shi ilmi ba, wasan yaran bakin kogi ne kawai. Sai da na hau tudun nan na ga ashe abin da na raina, wani ransa ya ke nema da shi.

Babban ladan da na samu, a wurin iyo na fahimci abin da malamanmu su ke nanata mana a darasin hanyoyin koyarwa. Sun ce a fara da abin da yaro ya sani, a bi da shi sannu zuwa abin da bai sani ba. Mun rubuta, mun haddace, mun ci jarrabawa da shi. Amma a cikin aji malami ya kan ruɗi kansa. Ka tambaya, "Kun gane?" yara arba'in su amsa da ƙarfi, "Mun gane, Malam!" ka tafi da murna. Ruwa ba ya karɓar wannan amsa. In yaro bai gane ba, nan take za ka ga ya nitse.

Kuma bulala ba ta da amfani a nan ko kaɗan. Jikin mutum in huhunsa na cike da iska, ya kuma saki gaɓoɓinsa, ruwa da kansa ya kan ɗauke shi. Tsoro shi ke sa yaro ya ƙanƙame jiki, ya ɗaga kai, ƙafafu su yi ƙasa, sai nitsewa. Ka ga in ka daka masa tsawa, ka ƙara masa abin da ya ke nitsar da shi ke nan. Saboda haka ranar farko ba ma maganar iyo. Su zauna a baki su yi ta bugun ruwa da ƙafa. Sa'an nan su shiga iyakar ƙugu, su tsoma baki su hura kumfa, har su saba da ruwa a fuska. Wani a rana ɗaya ya ke wuce nan, wani sai ya yi Asabar huɗu.

Bayan wannan sai kwanciya rigingine, wadda ita ce uwar aikin duka. Ka sa tafin hannunka ƙarƙashin ƙeyar yaro, ɗaya a gadon bayansa, ka ce ya dubi sama ya ƙirga gizagizai. Kana yi masa hira kana rage hannu. Daga tafi zuwa yatsa uku, daga uku zuwa ɗaya. Akwai wani yaro ɗan shekara takwas, wanda ruwa ya ci wansa a ramin kuza. Makonni ya yi yana riƙe da wuyana kamar zai shaƙe ni. Ran da abin ya yiwu, yana kwance yana ta cewa, "Malam, kada ka sake ni, don Allah kada ka sake ni," ni kuwa hannuwana biyu suna sama tun ɗazu. Na tafa masa. Da ya ji tafin, ya gane, sai ya fashe da dariya har ya sha ruwa. Kai, ban taɓa jin daɗin wata takardar sakamako kamar dariyar nan ba.

Da na je gwajin koyarwa a firamare, abin ya bi ni. In ina nuna wa yaro rabawa a allo, sai in ji ina lissafin yatsa nawa ya rage in janye. Malamin da ya zo duba ni ya rubuta cewa ina da haƙuri. Na yi shiru, amma na san inda na samo shi.

Wurin Mama kuma na koyi abin da ko a Numan ban sani ba. Wanda ruwa ya ke ci ba ya kururuwa kamar yadda a ke nunawa a sinima. Bakinsa na shiga yana fita, ba shi da numfashin da zai yi kira, sai ka ga kamar wasa ya ke yi. Don haka kullum mutum ɗaya daga cikinmu ya kan tsaya a baki, ba koyarwa, ba hira, aikinsa ƙirga kawuna. Muna kuma gargaɗin yara, in abokinka ya faɗa ruwa kada ka bi shi, gama zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Yi kururuwa, miƙa masa doguwar sanda, ko ka jefa masa jarka a rufe ba kome ciki. Muna faɗa musu kuma cewa ruwan da ba ya gudu ya kan ɓoye tsargiya, ba su da dalilin shiga ramin kuza don sun iya iyo.

Wahala akwai ta. Akwai tashin asuba, da ɗebe ganye daga ruwa, da rabon faɗa kan tawul, wani lokaci ma ka dawo ka tarar an gama rabon abinci. Wata Asabar uwar yaron nan ta tare ni a ƙofa da ƙullin dafaffen dankali. Na ce, "Mama, ai ba a biyanmu." Ta ce, "Ɗana, wa ya ce biyanka na yi? Karɓi ka ci." Na karɓa.

Abin da ya ke damun ƙungiyar yanzu shi ne 'yan mata. Cikin yaranmu biyar kaɗai ne mata, alhali su ne masu zuwa wanki da ɗiban ruwa. Iyaye da yawa sun ce sai in mace ce za ta koyar, Mama kuwa ƙafa ta hana ta shiga ruwa. In da wata a cikin 'yan'uwanmu mata na kwalejin nan da ta iya iyo, ko wadda ta ke so ta koya tukuna, ta same ni a bakin ƙofar kwaleji ran Asabar da ƙarfe 6 da rabi. Ta zo da tawul.