Mun san tashar Ajame, ba mu san Yama ba



Yarinya ƴar shekara tara ce ta ba mu kunya a fada. Farkon damina ne, ƴan biɗa sun dawo noma, shayi na kan gawayi, kowa na zuba labarin inda ya fito: wannan Abijan, wancan Kwatano, wani Lome, wani Legas. Sai ga ɗiyar ƙanwar ɗayanmu an aiko ta da tuwo. Ta aje kwano ta ƙi tafiya, ta ce: "Kawu, wai teku ta ɗara tabkin Kaita girma?" Muka fashe da dariya. Ta ce: "To ka taɓa sa ƙahwa cikinta?"

Kawun nan shekararsa goma sha ɗaya yana zuwa Abijan. Ya ce kullum yana ganinta daga kan gada in za shi Tareshbil. Wani ya ce masa wannan ba teku ba ce, ruwan Ebriye ne da ya ratsa gari, teku tana can gaba. Mu tara ne a zaune. Da muka yi lissafi, shekarun da muka yi a garuruwan bakin teku sun haura sittin, amma mutum biyu kaɗai suka taɓa tsoma ƙafa a ruwan gishiri.

Mu Adarawa ba a fi mu tafiya ba a ƙasar nan, kowa ya shaida. Mun san tashar Ajame lungu-lungu, mun san kasuwar Dantokpa, mun san kuɗin ɗaki, mun san inda ake tsayar da mota a nemi takarda. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 ma mun koyi ƙetare kogi da jirgin ruwa tsakanin Gaya da Malanbil. Amma tambayi ɗayanmu Gran Basam, da ke kamar kilomita 40 daga Abijan, babban birnin Kwaddibuwa na farko a zamanin Turawa tun 1893, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Tambaye shi Ganbiye, garin da aka kafa bisa ruwa kusa da Kwatano, ko ƙofar da ke bakin teku a Wida inda ake tuna bayin da aka loda a jirage. Sai ya ce ya dai ji ana faɗi.

Ba mu ga laifin kowa ba a nan. Wanda ke tura baro ko yawo da tebur a ka, ranar da ya huta ranar ce bai ci ba, ga gida ana jiran aike. Yawon buɗe ido sai da natsuwa, ɗan biɗa kuwa da rabin hankalinsa yake kwana.

A daren nan wani ya fiddo waya yana nuna mana gidajen ibadar Kirista da aka gina bisa ƙololuwar duwatsu a Girka, da majami'un Lalibela na Habasha da aka sassaƙa cikin dutse guda. Muna ta mamaki, muna cewa mutane na kashe miliyoyi su je su gani. Wani dattijon maƙwabcinmu da ke kishingiɗe, muna zaton barci yake, ya ɗago ya ce: "Ku da kuka san duniya, wa at taɓa zuwa Yama cikinku?" Shiru. A nan uzurin ɗan biɗa ya ƙare, don Yama cikin jiharmu ta Tawa take, ba fasfo ba biza.

Da aka gama ɗaurin hatsi muka haɗa kuɗin mai, mu bakwai bisa moto huɗu, da sharaɗi ɗaya: ba tafiyar dare. Muka bi ta Madawa muka hau babbar kwalta muka yi yamma. A Galmi, garin albasa, mushen lekol da ke cikinmu ya tuna mana cewa Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, nan kusa take. Uku daga cikinmu sun taɓa biyan kuɗin mota har Sakkwato ziyarar Hubbare, ba su taɓa tambayar hanyar Maratta ba. Rana ta yi, ba mu ratse ba, mun bar ta bashi.

Da muka hango kamfanin siminti na Malbaza, mushe ya tsayar da mu ya yi mana darasi a bakin hanya. Farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, a ƙarƙashin teku ya taru. Fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce ruwan teku ne kwance bisa ƙasar Adar. Waɗannan katantanwa na dutse da muke tsinta kan tudu muna yara in mun je kiwo, muna jifar juna da su, halittun ruwa ne da suka daskare. Wani ya ce: "Mushe, kana nuhin mun sha wahalar zuwa Kurmi, ashe teku ta riga ta zo gida ta koma?" Mun yi dariya, amma kowa ya duƙa yana duba ƙasa.

Daga Tsarnawa muka yi arewa kan hanyar Tawa, wajen Badagishiri muka tambaya aka nuna mana hanyar Yama.

Ƴan uwa, hoto ba ya faɗin masallacin nan. Ginin ƙasa ne zalla. Hasumiya huɗu a kusurwa huɗu, kuma ba wadda ta yi kama da ƴar uwarta, kamar maginin ya ƙi maimaita kansa. Ciki ginshiƙai ne jere da bakan gizo a sama, ga sanyi kamar an shiga randa, alhali a waje rana na dukan ƙeya. Wanda ya gina shi, Falke Barmu, ɗan garin ne, manomi kuma magini. A 1962 aka fara aikin, mutanen gari suka yi gayya, wasu tubali, wasu ruwa, wasu itace. Daga 1975 ya sake ɗaga shi, ya yi masa tulluwa a tsakiya da hasumiyoyin nan. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, ɗaya daga manyan kyaututtukan gini na duniyar Musulmi, kuma har yau masu karatun zanen gini a ƙasashen waje suna ganinsa cikin littattafansu.

Akwai magini cikinmu, shekara takwas yana ɗora bulo a Lome. Bayan mun yi azahar ya ƙi fita. Yana ta shafa bango yana ɗaga kai, can ya ce: "Wallai ban iya wannan." Shi ne kuma bara ya rushe soron kakansa ya yi ɗakin siminti da kwano, wanda in bazara ta yi ba mai iya kwana ciki. Ba shi kaɗai ba, dukanmu haka muke, ginin ƙasa ya zama alamar wanda biɗarsa ba ta yi kyau ba. Gaskiya ne yana son yaɓe a kai a kai, in an bar shi damina biyu uku sai ya fara zuba. To wa zai yi yaɓen in majiya ƙarfi duk suna Kurmi, kuma ba wanda ya tsaya ya koya daga tsofaffi?

Mun kwana Tawa wajen dangi, da safe muka biyo ta Tamaske da Kaita. Wannan hanya mun bi ta sau ba adadi, amma kullum a matse cikin mota, ido na kan kaya. A kan moto, ba gaggawa, sai muka ga aikin Furoje Kaita da idon baƙo. A 1984 aka fara shi, shekarar yunwar El-Buhari, da kuɗin Italiya, FAO na jagoranci, ana biyan ma'aikata da abinci. Mafi yawansu mata ne, don maza sun tafi biɗa. Su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera kan fako, suka haƙa ramuka a jikin tudu, aka dasa miliyoyin itatuwa inda ko akuya ba ta tsayawa. Ɗayanmu ya ce innarsa ta yi wannan aiki da goyonsa a baya. Ya sauka ya ɗauki hoton jerin duwatsun, har da inda ruwa ya fasa ba a gyara ba.

Magiya kuwa ba sai an sayi mai ba, a ƙofar gidanmu take. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska, bibbiyu a jere, ɗaruruwan kilomita in an haɗa, an rubuta labarinsu a ƙasashe da yawa a matsayin abin koyi. Mu a wajenmu inuwa ce kawai ta cin fura. Yanzu duba giɓin da ke cikin layukan, duba kututture. Ba baƙo ya sare su ba. Cikin mu bakwai ɗin nan akwai wanda ya amsa da bakinsa cewa ya taɓa shiga da gatari da dare, shekarar da zai yi rufin ɗakin aure.

Da muka iso gida mun kawo wa yarinyar katantanwar dutse guda, mushe ya gaya mata daga teku take, tekun da ta taɓa kwanciya nan inda muke zaune. Ta kara ta a kunne ta ce ba ta jin komi. Ta ce: "To ina ruwan ya tahi?" Mushe ya fara bayani, ta katse shi ta ce ita dai a tafi da ita in za a sake fita.

Mun sa asusu a fada, jika ɗaya kowane wata. Maratta ce ta farko, tun da bashi ce. In hanya ta yi kyau kuma, Agadas, mu ga hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 da muke wucewa ta gindinta in za mu Libiya. Mai son shiga ya same mu bayan isha'i. Ita kuwa yarinyar, uwarta ba ta amince ba tukuna, kawunta na kan lallashi.