Abin da haɗa harsashin farauta ya koya mini game da lambobin cikin waya

Yau ba maganar saitin waya zan yi maka ba, labarin wani kuskure nawa zan ba ka, kuma waya tana ciki tsamo-tsamo.

Aiki ne ya kai ni jihar Montana ta Amurka, inda farautar barewa ta zama al'ada, kuma doka ta yarda mutum ya haɗa harsashin da zai yi amfani da shi da kansa. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya daɗe yana wannan harka. Bayan na samu lasisin farauta, shi ya raka ni wurin maƙerin da ya sa wa bindigata sabon bututu, samfurin .30-06, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906.

Ka san harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, ɗan ƙyastun da ke gindinsa mai ba da tartsatsi, albarushi, sai kan da ke fita. Mai haɗawa da hannu yana neman haɗin da ya fi dacewa da bindigarsa ne, domin kowane bututu da halinsa. Ana auna albarushin da wani ma'auni da ake kira giren, kuma giren kusan goma sha biyar da rabi ne ke yin giram ɗaya. Ka ga ke nan ɗan kuskure kaɗan ba ƙaramin abu ba ne.

Abu na farko da dattijon ya nuna mini shi ne albarushi iri-iri ne. Wani yana ƙonewa da sauri, wani a hankali. Mai sauri na ƙaramar bindigar hannu ne. Babban kwanso mai kai mai nauyi yana son mai ci a hankali, don ya riƙa tura kan har ya fita daga dogon bututu. In ka cika kwanson bindigar farauta da mai sauri, bindigar na iya tarwatsewa a fuskarka. Sunaye ma suna ruɗarwa: akwai H4350, akwai IMR 4350, akwai Accurate 4350. Lamba ɗaya ce, amma kowanne da nasa awon. Kama da wane ba ta wane.

To daga ina ake samun awon? Daga kamfanonin da suka gwada a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi. Hodgdon suna da shafinsu a intanet, Vihtavuori na ƙasar Finlan suna da manhajar waya, Hornady da Lyman da Sierra suna buga littattafai. Kowanne zai ba ka awon farawa da awon ƙarshe. Iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1926, ta sa wa .30-06 ita ce 60,000 a ma'aunin da ake auna iskar taya. Tayar motarka ba ta wuce talatin da 'yan kai ba. Duk wannan ƙarfi yana faruwa ne 'yan inci kaɗan daga idonka.

Ƙa'idar dattijon mai sauƙi ce. Ka fara daga awon farawa. Ka haɗa 'yan ƙwayoyi kaɗan, ka ƙara awo kaɗan-kaɗan, ka harba, ka duba kwanson kowane ɗaya. Kada ka canza abu biyu a lokaci guda, don in sakamako ya canza ba za ka san dalili ba. Kada ka ajiye gwangwanin albarushi biyu a kan tebur. In ka sayi sabon gwangwani, ko da iri ɗaya ne, ka ɗan ja baya ka sake hawa.

A nan waya ta yi mini rana sosai. Ina da na'urar Garmin Xero mai auna gudun harsashi da rada, tana tura sakamako kai tsaye zuwa manhajarta. Ina ɗaukar hoton takardar da na harba, in rubuta kwanan wata, irin albarushi, lambar gwangwani da zafin ranar. Abin da ake nema shi ne ramukan su taru wuri ɗaya, misali cikin inci ɗaya daga nisan yadi 100, gudun kuma ya zo kusan daidai kowane harbi. Mafarauci yana bukatar wannan don dabba ta faɗi nan take, kada ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale.

Amma wayar nan ita ta kusa ja mini. Wata rana na ci karo da hoton allo, wani yana alfahari da gudun da bindigarsa ke yi, awonsa kuma ya ɗara nawa. Raina ya biya. Ban gaya wa dattijon ba, na haura har na ɗan wuce awon ƙarshe na littafi. A watan Fabrairu ne, sanyi ya yi ƙasa da sifili, na harba lafiya lau. Na ce shi ke nan, na samo sirri.

Sai a watan Yuli na koma filin gwaji da ragowar waɗannan harsasan, sun sha rana a bayan mota. Harbin farko ƙarar ta bambanta. Na zo ɗaga sakata, ta ƙi, sai da na sa ƙarfi. Na duba gindin kwanso, ƙyastun ya baje, ga wani tabo mai sheƙi a jikin tagullar. Manhaja kuma ta nuna gudun ya haura na lokacin sanyi. Dattijon ya karɓi kwanson ya juya shi, ya ce kada in sake harba ko ɗaya. A daren muka kwance su duka.

Dalili biyu ne. Zafi yana sa albarushi ya ƙone da ƙarfi, matsi ya ƙaru. Sannan bututun da aka ƙera na musamman kan zo da mazaunin harsashi a tsuke, don haka awon da ya zauna lafiya a bindigar wani zai iya wuce gona da iri a tawa. Mai hoton allon bai faɗi irin kwansonsa ba, bai faɗi zafin ranar ba, ban ma san ko gaskiya ya rubuta ba. Alamun da na gani kuwa ba sa bayyana sai an riga an ƙetare iyaka.

Kai da ke karantawa daga Najeriya, ka sani dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi da kansa ba tare da izini ba, saboda haka wannan ba darasin gwadawa a gida ba ne. Abu ɗaya dai ka isar wa duk mafaraucin da ka sani mai bindigar gargajiya: an yi ta ne don baƙin albarushi. Na zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, matsinsa ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Zuba mata shi yana fasa bututu, ya tafi da yatsu ko ido.

Ko ba ka taɓa riƙe bindiga ba, lambobi suna shigowa wayarka kullum: awon magani, haɗin maganin feshi, ƙarfin batirin sola. Wasu daga hoton allo, wasu daga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke ba da amsa da cikakkiyar gadara ko da sun yi kuskure. Kafin ka yi aiki da lamba, ka tambayi kanka wa ya gwada ta, da wace na'ura, a wane yanayi. In ba ka samu amsa ba, ka koma wurin kamfanin da ya yi kayan, ka fara daga ƙasa.

Wancan kwanson har yau yana kan teburina, kusa da ma'auni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.