Shi ma mai koyon likita jikinsa na ciwo

 

A gidajenmu da zarar yaro ya shiga karatun likita sai mu laƙaba masa sunan “likita” tun bai gama shekarar farko ba. Gwaggo ta kawo masa takardar maganinta, maƙwabci ya kawo ƙafarsa mai kumburi. Shi kuwa ba mai tambayar lafiyarsa.

Alhali karatun nan shekara shida ne ko fiye, ga kwanan aiki a asibiti, ga jarrabawa, ga ganin mutuwa ido da ido. A 2016 mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta tattara bincike daga ƙasashe da dama, ta samu cewa kimanin kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likita suna da alamun ciwon damuwa, kuma a cikinsu waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba.

Damuwar nan takan ɓuya ne a jiki. Idan fargaba ta daɗe, jiki yakan yi ta sakin sinadaran da ke shirya mutum gudu ko faɗa, sai zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ciki ya murɗa, kai ya sara, barci ya ƙaurace. A yi gwajin jini, a ce lafiya lau. Daga nan zargi ke farawa: wani ya ce sammu, wani ya ce raki.

Na sha ganin irinsu a zauren mahaifinmu, iyaye mata sun rako su neman addu'a. Malam yakan yi addu'ar, amma ba ya sallamar yaro sai ya tambaye shi awa nawa ya yi barci a makon. Wani saurayi da aka kawo kan ciwon ciki, tambayar nan kaɗai ta sa shi hawaye, ya ce tun da wata jaririya ta cika a hannunsa bai sake cin abinci ya ƙoshi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne a ce wa irin wannan yaro imaninsa ne ya yi rauni. Shin Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba baƙin cikin rabuwa da Yusufu ne ya taɓa masa idanu ba? Haka kuma Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rubuta littafi sukutum kan maslahar jiki da ta rai, ya nuna yadda ciwon ɗaya ke kama ɗayan.

Saurayin nan Malam ya ce a kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa. Mahaifiyarsa ta ji nauyin abin, tana tsoron a ce ɗanta ya taɓu, har sai da Malam ya ce shi da kansa zai raka su.