Jiragen Da Wiskonsin Ta Ƙi, Legas Ta Saya

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wata hira da muka yi da maƙwabtana a nan Agege bayan sallar la'asar, inda wani dattijo ya ce shi bai ga gwamnan da zai ƙi kuɗi ba, muddin Gwamnatin Tarayya ce ta miƙo masa. Na ce masa, "Baba, ai ni na ga inda aka miƙa aka ƙi karɓa, kuma sakamakon wannan ƙi ya biyo ni har garin nan." Aka bushe da dariya, ana tsammani ba'a nake yi. To, ga yadda abin ya faru.

A shekarar 2009 neman ilmi ya kai ni Madisan, babban birnin Jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka. Na iske ƙasar cikin karayar arziki, har a watan Oktoba na wannan shekara mutum goma cikin kowane ɗari na masu neman aiki ba su da abin yi. Maƙwabcina, wani magidanci mai 'ya'ya uku, yana cikinsu, domin masana'antar motocin da yake yi wa aiki ta rufe. Don a farfaɗo da tattalin arziki ne Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan wata doka ranar 17 ga Fabrairu, wadda ta tanadi dala miliyan dubu 787, wato biliyan 787. Daga ciki an ware wajen biliyan 48 domin sufuri, kuma jihohi ne aka ɗora wa alhakin kashe mafi yawansu.

Amma fa kuɗin da sharaɗi suka zo. An ce kowace jiha ta tsayar da ayyukan da za ta yi da rabin kasonta na hanyoyin mota cikin kwana 120, in ba haka ba a karɓe a ba wasu. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar da ta riga ta zana taswirar aiki ta ajiye, ita ce ta ci moriya sosai; saura kuwa sai suka duƙufa ga abin da ya fi sauri, wato shimfiɗa sabuwar kwalta bisa tsohuwar hanya. Ban raina wannan ba, domin a irin wannan aiki ne maƙwabcina ya sami shiga, na kuwa ga ranar da ya dawo gida da albashinsa na farko, yana warin kwalta, fuskarsa cike da fara'a.

Ni kuwa abin da ya faranta mini rai daban ne. Ba ni da mota, kuma jirgin ƙasa na fasinja ba ya shiga Madisan, saboda haka duk tafiyar da ta kama ni sai in tsaya jiran bas cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. A watan Janairu na 2010 sai aka ba da sanarwa cewa Tarayya ta ba Wiskonsin dala miliyan 810 don a haɗa Madisan da birnin Milwoki da jirgi mai sauri, tafiyar kamar mil 80. Kafin nan ma gwamnan lokacin, Jim Doyle, ya riga ya yi odar jirage biyu da kuɗin jiha daga kamfanin Talgo na ƙasar Sifen, daga baya kuma kamfanin ya buɗe wurin harhaɗa su a Milwoki.

Ana cikin haka zaɓen gwamna ya zo. Ɗan takara Scott Walker ya tsaya a kan cewa Tarayya za ta gina ne kawai ta tafi, amma kuɗin tafiyar da jirgin, wajen dala miliyan bakwai da rabi kowace shekara, a wuyan mutanen jiha zai rataya. Ya nemi a bar shi ya juya kuɗin zuwa gyaran hanyoyin mota. Ministan sufuri Ray LaHood ya ce sam, kuɗin jirgi na jirgi ne. Walker ya ci zaɓe a watan Nuwamba, a watan Disamba kuwa aka janye kuɗin Wiskonsin tare da miliyan 400 na Jihar Ohayo, aka raba wa wasu jihohi, Kalifoniya ta kwashi kaso mafi tsoka.

Jiragen nan biyu an gama ƙera su, amma ba su taɓa ɗaukar fasinja a Wiskonsin ba. Magana ta kai kotu, aka sasanta a 2015: jiha ta yi asarar kusan dala miliyan 50, jiragen kuma suka zauna a hannun kamfani. Har yau jirgin fasinja bai shiga Madisan ba.

A lokacin na yi fushi ƙwarai da gaske. Amma da shekaru suka ja, sai na fahimci cewa tambayar da Walker ya yi tana bisa hanya, ko da yake har gobe ina ganin amsarsa ta yi wa jiharsa tsada. Wanda aka ba kyautar doki, tilas ya san inda zai samo dawa da harawa. Laifin shi ne ba a zauna an warware wannan tambaya tun farko ba, aka bar ta ta zama makamin yaƙin neman zaɓe, gwamna ɗaya ya ƙulla, magajinsa ya kwance, talaka ya biya kuɗin ƙulli da na kwancewa.

Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama. A watan Janairu na 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya je Milwoki da kansa, Jihar Legas ta sayi jiragen nan biyu domin Jan Layi, wanda aka buɗe a watan Fabrairu na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, ta nan Agege. Ranar da na ji labarin cinikin, na daɗe ina al'ajabi, na tuna tsayuwata a tashar bas cikin dusar ƙanƙara.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk ranar da muka ji an ce Tarayya ta ware kuɗin rage raɗaɗi don motocin safa ko hanyoyi ko jirage, mu yi murna, amma mu tambayi gwamnoninmu abu uku. Shin an shirya aikin tun kafin kuɗin su zo? Wa zai biya albashin direbobi da kuɗin kayan gyara bayan an yanke ƙyalle an watse? Kuma me zai hana gwamna mai zuwa ya yi watsi da shi? Wanda ya taɓa ganin motocin safa na gwamnati jere a kan duwatsu, ba taya, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, ya san dalilin waɗannan tambayoyi.

Da na kai aya, dattijon nan ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ashe mu ma sai mu sa ido kan harawar dokin da muka saya." Na ce, "Gaskiyarka, Baba." Allah Ya ba shugabanninmu hangen nesa, amin.